Babbar Zuciyar Zuera

A unguwarmu Maamobi idan ka ƙwala kiran Wahab, mutum shida za su waiwayo. Idan ka ce Wahab Burofo, ni kaɗai ne. Burofo a yaren Twi Turanci ke nan. Na samu sunan ne saboda na kai aji biyu na sakandare kafin mahaifina ya gane cewa ni da boko ɓata wa juna lokaci muke yi, ya kai ni Adabraka koyon gyaran injin jan ruwa. Turancin da na fito da shi bai cika buta ba. Amma a gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu, inda rabin mutanen daga Dosso da Konni suka zo, mai buta shi ne mai rijiya. Ni ke karanta takardar wuta, ni ke amsa wa masu ƙidaya, ni ke raka mutane asibiti in tsaya a tsakani ina gyara wuyan riga.

Matata Zuera 'yar Konni ce. Hausarta a cike take, ba irin tamu ta Nima ba da muke ce wa mace "ya zo". Ta iya Twi na ciniki da yaren Ga na faɗa, amma Turanci ta bar mini shi kamar yadda ake bar wa namiji hawan tsani. Waakye, wato wake da shinkafa, take sayarwa a bakin babbar gota, magudanar ruwan unguwa, daga asuba zuwa hantsi. A saman teburinta akwai koren allo da farin rubutu: BABBAR ZUCIYA WAAKYE. Ni na rubuta shi da ragowar fentin masallaci, haruffan ƙarshe a matse don ban auna ba.

Ga inda sunan ya samo asali. Shekara takwas da suka wuce aka ce duk mai sayar da abinci sai ya yi takardar lafiya. Zuera tana ɗan tari a lokacin, sai aka tura mu ɗaukar hoton ƙirji. A layi ta bar wa wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ga wurinta, ta bar wa wata mai ciki, sannan ta kwance waakyen da ta ƙunso mana a ganye ta raba wa na kan benci. Har mai ɗaukar hoton ya samu rabonsa, da ƙwai.

Can sai ya fito da hoton, ya ɗaga shi ta wajen taga, ya daɗe yana kallo. Ya ce huhu lafiya lau. Sannan ya dubi Zuera ya ce, "But madam, your heart is big. Very big." Ya ƙara wasu maganganu da sauri, janareta na ihu a bayan bango, na kama biyu na saki biyar. Ya rubuta wata kalma a bayan ambulan, ya ja mata layi.

"Me ya ce, Baban Sadia?"

"Ya ce kina da babbar zuciya. Ya ce babba ƙwarai."

Ta rufe baki da mayafi. "Har a hoto ake gani?"

"Injin Turawa ne. Ba abin da ba ya gani."

"To wannan rubutun fa?"

Na duba. Kalma ce guda ɗaya, doguwa kamar layin mota a tashar Circle. Mutumin yana tsaye taku uku daga gare ni, yana goge man shito, yajin waakye, a yatsunsa. Tambaya ɗaya ce. Amma bencin nan cike yake da 'yan Zango, duk sun zuba wa Burofo ido.

"Shaida ce," na ce. "Ya sa hannu."

Ta ajiye ambulan a ƙasan akwati tare da zannuwan aurenta. Kafin sati labari ya gama unguwa cewa injin asibiti ya tabbatar da halin Zuera. Daga nan aka samu allo.

Bara numfashinta ya fara gajarta. Tudun da ke tsakanin gota da gidanmu, wanda take hawa da tukunya a ka tana gaisawa da mutane, sai ta riƙa tsayawa sau biyu tana yi kamar tana gyara zane. Ƙafafunta suka kumbura har na tsaga mata silifas. Barci ya koma a zaune, da matashi uku a baya. Maƙwabciyarmu Amama ta ce hayaƙin itace ne, daga baya ta ce bakin mutane ne. Ni na ce gajiya ce, kuma da yake ni ne mai ilimin gidan, maganata aka ɗauka. Ranar wata Talata ta zauna a ƙasa kusa da tukunya, ludayi a hannu, ta kasa tashi.

A asibiti muka tarar da likita mace, yarinya sa'ar Sadiarmu, sunanta Dakta Abibatu. Na gyara wuyan riga, na buɗe baki da gaisuwar Turanci, sai ta leƙa ta bayana ta ce, "Mma, sannu da jiki. Tun yaushe ƙafan nan ya kumbura?" 'Yar Nima ce. Da jimla ɗaya ta sallame ni daga aiki.

Ta sa abin saurare a ƙirjin Zuera, ta matsar da shi ƙarƙashin nono na hagu, ta tsaya nan. Ta tura mu wani ɗaki aka shafa mata mai, aka nuna zuciyar a allo tana motsi cikin duhu kamar kifi a randa. Ta ce mu dawo Alhamis da duk wata tsohuwar takardar asibiti da muke da ita. Zuera ta yi murmushi. Tana da guda ɗaya.

Ranar Alhamis likita ta jawo farar takarda ta zana akwati, ta raba shi huɗu.

"Mma, zuciya gida ne mai ɗaki huɗu. Biyu a sama, biyu a ƙasa. Akwai bango a tsakiya, na dama ba ya shiga na hagu."

"Kamar mu da su Amama," in ji Zuera.

"Yawwa. Jinin da ya gama aiki a jiki, ya gaji, yana dawowa ɗakin sama na dama. Ya sauka na ƙasa. Na ƙasa ya matsa, ya tura shi huhu ya sha iska. Daga huhu ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa na hagu. Wannan shi ne ƙaton gidan. Shi ke tura jini tun daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa."

Ta zana ƙananan layuka tsakanin ɗakunan.

"Kowane ɗaki yana da ƙofa a mafita, ƙofa huɗu. Gaba kawai suke buɗewa. Jini ya wuce, su rufe. Bugun da kike ji, ƙarar rufewansu ne."

"Bawul," na ce, ba tare da an tambaye ni ba.

Ta dube ni. "Baba, wane aiki kake yi?"

"Injin ruwa."

"To kai za ka gane da sauri." Ta ɗora bakin biro a kan ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagu. "Wannan ba ya rufewa. Wataƙila tun tana yarinya ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ciwon ya taɓa ƙofan, ya bar tabo. Duk lokacin da ƙaton ya matsa, wani jinin ya tafi gaba, wani ya koma baya. Sai ya ƙara ƙoƙari. Ya buɗe, ya faɗaɗa don ya ɗauki da yawa. Shekara da shekaru yana haka. Yanzu ya saki, kamar roban da aka daɗe ana ja. Abin da ya kasa turawa shi ke taruwa a huhu, shi ke sauka ƙafa."

Na gane da sauri, kamar yadda ta ce. Shekara talatin ina faɗa wa masu gidaje a Kokomlemle magana ɗaya: bawul yana yoyo, ruwa yana komawa, inji yana ta gudu ba hutu, ku canza bawul tun koyil bai ƙone ba. Har da ɗaga yatsa nake faɗa.

"A canza bawul ɗin mana," na ce.

"Ana canzawa, Baba. Amma sai naman zuciyan yana da ƙarfin da zai tashi bayan aiki. Na nuna wa manyana hoton. Nata ya yi rauni da yawa. In an kwantar da ita, ba mu da tabbacin za ta farka." Ta ajiye biron. "Akwai magani. Zai rage ruwan, zai sauƙaƙa numfashi. Ta bar gishiri, ta bar ɗaukan kaya. Amma ba zai mayar da shi yadda yake ba."

A nan ne Zuera ta kwance ɗankwalin da ta naɗe ambulan a ciki, ta miƙa da hannu biyu, kamar mai miƙa goron ɗaurin aure.

Likita ta ɗaga hoton ta wajen fitila. Ta juya ambulan, ta karanta kalmar, ta duba kwanan wata. Na ga leɓenta yana ƙidaya shekaru.

"Mma, an ga wannan tun shekara takwas. Ga shi an rubuta zuciya ya kumbura, an ce a ga likita. A lokacin..." Ba ta ƙarasa ba. "Wa ya karanta muku takardan nan?"

Fanka tana juyawa a sama, tana ɗan ƙara irin ta boris da ya bushe. Na lura da wannan sosai. Har na fara tunanin lambar boris ɗin.

"Ba kowa," in ji Zuera. "Ni na ajiye ta a akwati na manta. Kin san mu da takarda."

Ba ta dube ni ba. A trotro ma, motar haya, ba ta dube ni ba. Yaron mota ya ce mata "Maame, matsa", ta matsa. Da muka sauka na riƙe mata jaka, ta bar ni na riƙe, muka hau tudun da tsayawa huɗu.

Washegari na tafi kasuwar Nima wajen Hudu mahauci, abokina tun muna makarantar allo, mutumin da bai taɓa ganina ya bar ni na wuce da mutuncina ba.

"A'a, Burofo! Yau Ingila ta sauko Zango. Me za a yanka wa Bature?"

"Zuciyar saniya nake so. Guda, kar ka sara."

"Taka ta ƙare ne?"

"Hudu, buɗe mini ita kawai. A hankali."

Ya dube ni, ya bar wasan. Ya ɗauko ta daga ƙugiya, ya yanke kitsen sama, ya buɗe. Shekara hamsin da biyu ina cin zuciya a tsire ban taɓa leƙa cikinta ba. Ɗakunan suna nan yadda likita ta zana, sai dai ba su da kusurwa. Bangon ƙasa na dama siriri ne. Na hagu kuwa ya fi faɗin yatsuna biyu kauri.

"Wannan gefen shi mata ke so," in ji Hudu. "Nama ne zalla."

"Shi ke tura jini duk jiki."

"To, ga malami."

Ƙofar ba ta yi kama da ƙofa ba. Fatu ne biyu farare, sirara kamar ledar koko, an ɗaure bakinsu da zarurruka zuwa ƙasa kamar igiyoyin rumfar biki, don kada iska ta juye su. Na ce ya ba ni butarsa. Na zuba ruwa ta sama cikin ɗakin ƙasa, na matsa da hannu biyu. Fatun nan suka taso, suka haɗe baki, ɗigo bai dawo ba. Na taɓa bawul na Italiya, na taɓa na China, ban taɓa ganin wanda ya zauna haka ba.

Na karɓi wuƙarsa na ɗan tsaga gefen fata ɗaya, tsagar da ba ta kai farce ba. Na sake zuba ruwa, na matsa. Ruwan ya yi tsartuwa ya jiƙa mini gaban riga.

"Ka ɓata nama, ka ɓata riga," in ji Hudu. Sannan a hankali: "Zuera ne?"

"Ita ce."

"Allah ya ba shi lafiya. Mata mai babban zuciya irin wannan."

Na ajiye masa wuƙarsa na tafi. Ya kira ni in ɗauki naman, ban juya ba.

Bayan la'asar na same ta zaune a ƙofar ɗaki kan tabarma, baya a jikin bango, ƙafafu a kan bokiti. Mutanen gida duk sun tafi suna a Nima, tsakar gidan ba kowa sai kajin Amama. Na zauna kusa da ita da jakar aikina, don ban san inda zan sa hannuna ba.

Mu masu inji muna da hanyar sauraro. Ka ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ka sa kunne a kan mariƙin, ƙarfe zai faɗa maka abin da ke ciki. Na ciro doguwar, na goge ta da riga.

"Kwance ni za ka yi?" in ji ta.

"Ji kawai zan yi."

Na juya sukudirebar, na sa mariƙin a ƙarƙashin nononta na hagu inda likita ta tsaya, amma ƙarfe ba ya jin nama. Na ajiye, na sa kunnena kai tsaye. Bugu biyu ya kamata in ji, rufewa da rufewa, tsaf. Abin da na ji shi ne bugu, sai wani dogon fuuu, sai bugu. Fuuu. Fuuu. Kuma na san sautin. Shekara ashirin da shida ina ɗora kaina a wurin nan. Na ɗauka haka zuciyar mata take yi. Ni da nake tsayawa a bakin get in ce wa mai gida injinsa na yoyo tun ban ga injin ba.

Na ɗago.

"Zuera, ranar nan. Ban ji abin da mutumin ya ce ba. Rabi na ji. Kalmar ma ban iya karanta ta ba, har yau ban iya ba. Kunya ta hana ni tambaya."

"Na sani. Tun a ɗakin likita na gane."

"Kika rufa mini asiri."

"A gaban sa'ar 'yarka zan tona ka?"

Na shirya wa zagi. Na shirya wa kuka, har na tanadi abin da zan ce. Da ta ɗaga ludayi ta buga mini da na gode mata. Sai ta riƙa jan numfashi, guntu-guntu, tana kallon kaji.

"Baban Sadia, tambaya ɗaya. Ka faɗa mini gaskiya, in ka iya."

"Ina ji."

"Wato mutumin nan ba yabona ya yi ba? Ko kaɗan?"

"Ya ci waakyenki, ya ji daɗi."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"A'a," na ce. "Ciwo yake nufi."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ka san ni ba haka nake ba da. Ranar nan ma a layi, waakyen ya fara tsami ne, na ce gara a cinye. Tsohuwar kuwa warin taba take yi, na ce ta wuce gaba in huta." Ta yi 'yar dariya, tari ya karɓe. Na miƙa mata ruwa, ta ture. "Amma da ka ce injin ya gani, sai na ce to, tunda Allah ya sa mini ita har ana gani a hoto, kar in ba ta kunya. Duk wanda ya zo da hannu wofi in zuba masa. Suna, biki, rasuwa, ni ce kan tukunya. Mahaifiyar Amama da ta kwanta, wata bakwai ni ke ɗaga ta. Akwai ranar da ƙirjina kamar an ɗora turmi, in ce tashi, Zuera, mai babbar zuciya ba ta kwanciya. Da na san ni ma kamar kowa nake, da na zauna na huta."

Na lalubi abin da zan ce mata. Babu shi a Hausa, babu shi a Burofo.

"Tun da na zo garin nan," ta ce, "mutum ɗaya ne mai farar riga ya taɓa dubana ya faɗi magana mai daɗi. Ashe shi ma kai ne."

Sadia ta zo daga Kumasi ranar Asabar, ta ɗauki girkin gida, ta ɓoye gishiri. Teburin bakin gota ya zauna a rufe. Mutane suna zuwa dubiya, kowa ya zauna sai ya ce wa Zuera ai mai zuciya irin tata Allah ba zai bar ta ba, ita kuma ta ce amin, ni kuma in fita duba tankin da ba abin da ya same shi. Maganin ya rage kumburin kwana goma, sannan ƙafafun suka ci gaba da abinsu. Matashi ya zama huɗu.

Ranar Litinin da safe na ɗauki filaya da guduma na sauka gota. Ƙusa huɗu ne, ni na buga su, kuma kamar duk aikina na gida biyu sun lanƙwashe. Na ciro allon, na sa shi a hammata, rubutu ta ciki, na hau tudu. Niyyata in shafe shi da fenti kafin ta gani.

Tana zaune a inda na bar ta.

"Me ka ɗauko?"

"Katako ne."

"Juyo shi."

Na juyo. Rana ta cinye koren, hayaƙi ya sa farin ya koma ruwan ƙasa. Ta daɗe tana kallo. Ba ta iya karatun boko ba, amma wannan ta san shi kamar fuskar 'yarta.

"Wa ya ce ka cire?"

"Na ga kamar..."

"Kai dai da gani kamar." Ta ja numfashi, ta jira ya iso. "Mayar da shi. Sadia za ta fara fita da tukunya jibi, mutane su san wurin."

"Sai in canza sunan."

"Bar shi yadda yake. Duk abin da ka taɓa fassara mini, wannan ne kaɗai likita ta duba ta ce haka ne."

Na mayar da allon hammata na sake sauka. A bakin gota na tarar na bar ƙusoshin a gida, tare da gudumar. Na tsaya riƙe da shi a saman teburin da hannu biyu, ina neman abin da zan ɗaure shi da shi. Wani direban tasi ya rage gudu, ya leƙo ya ce, "Burofo, an buɗe ne? Yaya Hajiya?"

Na ce da sauƙi.